Makaɗa 18 Sun Zauna Ƙarƙashin Suna Guda: Labarin Ƙungiyar Fleetwood Mac

A farkon shekarar 1974 jama'a a waɗansu biranen Amurka suka biya kuɗinsu, suka shiga gidajen wasa domin su kalli wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Ingila mai suna Fleetwood Mac. Da makaɗan suka fito, sai 'yan kallo suka ga babu fuska ko ɗaya da suka sani. Wanda ke zaune bayan ganguna ba shi ne dogon nan Mick Fleetwood ba, mai riƙe da babbar jita kuma ba John McVie ba ne. Ashe manajan ƙungiyar ne, Mista Clifford Davis, ya tattaro waɗansu makaɗa dabam ya laƙaba musu sunan, bisa hujjar cewa sunan mallakarsa ne, yana iya bai wa wanda ya ga dama. Ba a daɗe ba asiri ya tonu, rangadin ya watse, magana kuma ta tafi gaban alƙali.

Wannan rigima ta tono wata tambaya wadda har yau take damun masu sha'awar kiɗan Turawa da ake kira rok, watau kiɗan nan na jita mai aiki da lantarki da ganguna, wanda ya cika duniya daga shekarun 1960. Tambayar ita ce, idan mutanen da ke cikin ƙungiya suka sake, ƙungiyar tana nan ko ta tafi?

Mai karatu zai fi gane nauyin tambayar idan ya tuna da yadda abin yake a ƙasar Hausa. A wajenmu ƙungiya sunan maigida take ɗauka. 'Yan amshi da masu kalangu suna iya shiga su fita, amma muddin Shata na tsaye, to, kiɗan Shata ake yi. A wajen makaɗan rok kuwa ba haka ba ne. Mutum huɗu ko biyar ne ke haɗa gwiwa su raɗa wa taronsu suna, su yi tarayya cikin riba da hasara kamar 'yan kamfani. Sunan shi ne jari. Shi ake bugawa a jikin faifai, shi ke sayar da tikiti, kuma shi ne ake kai ƙara a kansa idan zama ya ƙi daɗi.

Babu ƙungiyar da ta gwada iyakar wannan al'amari kamar Fleetwood Mac. Daga kafa ta a 1967 zuwa wasanta na ƙarshen 2019, makaɗa da mawaƙa 18 ne suka zama 'ya'yanta.

ASALIN SUNAN

Abin mamaki shi ne, wanda ya kafa ƙungiyar bai sa sunansa a cikin sunanta ba. Shi ne Peter Green, wani saurayi ɗan birnin Landan, wanda ya yi suna a 1966 sa'ad da ya maye gurbin shahararren makaɗin jita Eric Clapton a ƙungiyar John Mayall. A can ne ya yi aiki tare da Fleetwood mai ganguna da McVie mai babbar jita, irin wadda ke da kaurin murya, wadda ita da ganguna ne ke riƙe da ƙafar kiɗa. Da Green ya tashi kafa tasa ƙungiyar, sai ya yanki sunan wannan ya haɗa da na wancan. A lokacin ma McVie bai yarda ya bar aikinsa mai albashi ya bi su ba. Wani mai suna Bob Brunning ne ya riƙe masa wuri a wasansu na farko, wanda suka yi a garin Windsor cikin watan Agusta na 1967, kafin McVie ya sake shawara bayan 'yan makonni.

Ko da gangan Green ya yi, ko kuwa dacewa ce, wannan raɗin suna shi ne ya ceci ƙungiyar daga baya. Ya ɗora sunan a kan mutum biyu da ba su ne ke rera waƙa ba, ba su ne ke tsara ta ba, ba su ne kuma 'yan kallo suka fi zuba wa ido ba. Saboda haka duk wanda ya tsaya a gaba yana iya tafiya, sunan bai zama ƙarya ba.

Kiɗan da suka fara da shi shi ne buluz, kiɗan baƙaƙen fatan Amurka mai cike da koke da begen abin da aka rasa. Suna da masu jita har uku: Green da Jeremy Spencer, sa'an nan Danny Kirwan, wanda ya shigo a 1968 yana ɗan shekara 18. A farkon 1969 wani kiɗansu maras waƙa mai suna Albatross ya zama na ɗaya a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Ingila. Green ne kuma ya tsara Black Magic Woman, wadda ƙungiyar Santana ta sake rerawa a 1970 har mutane da yawa suka ɗauka tata ce.

Daga nan sai masu jitar nan uku suka shiga zubewa ɗaya bayan ɗaya, a cikin shekara biyu da 'yan watanni. Green ya faɗa shan wata muguwar ƙwaya mai juya hankali da ake kira LSD, ya tsani kuɗin da suke samu, har ya nemi sauran su yarda a riƙa rabar da ribar ƙungiya sadaka. Ba su yarda ba. Ya fita a watan Mayu na 1970, ya shafe shekaru yana fama da ciwon taɓin hankali. A watan Fabrairu na 1971, suna birnin Los Anjalis za su yi wasa, Spencer ya fita daga masauki da cewa zai sayo mujalla, bai komo ba. Bayan an sha nema aka tarar ya shiga wata ɗariƙar addini, ya ce shi da ƙungiya sai wata rana. Kirwan kuwa giya ce ta ci ƙarfinsa. An sallame shi a 1972 bayan ya farfasa jitarsa ya ƙi hawa dandali.

MAI SHAN BUGU

Shekarun da suka biyo baya su ne waɗanda masu ba da tarihin ƙungiyar suka fi tsallakewa, alhali kuwa a cikinsu ne aka yi aikin da ya fi wuya. Mutum biyu ne suka ɗauki nauyin. Ta farko ita ce Christine, matar John McVie, gwanar piyano mai murya a natse, wadda ta shiga ƙungiyar a 1970. Na biyu shi ne Bob Welch, Ba'amurke na farko da ya zama ɗan ƙungiyar, wanda ya zo a 1971.

Su biyun nan ne suka karkatar da kiɗan daga buluz zuwa waƙoƙi masu taushi da daɗin amshi, irin waɗanda gidajen rediyon Amurka ke so. Welch ya yi manyan faya-fayai biyar tare da su. A zamaninsa ne aka ɗauki waɗansu mutum biyu, Dave Walker da Bob Weston, aka kuma rabu da su cikin 1973. Korar Weston, wadda ta biyo bayan wata rigimar cikin gida tsakaninsa da Fleetwood, ita ce ta sa aka soke rangadin Amurka ana tsakiyarsa, ita ce kuma ƙofar da manaja Davis ya bi ya fito da ƙungiyarsa ta jabu. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Shari'ar ta hana su aiki wata da watanni. Welch ne ya matsa musu su bar Ingila su koma Kalifoniya, kusa da kamfanin da ke buga musu faifai, domin su nuna cewa su ne na ainihi. Suka koma a 1974, suka kuma daina ɗaukar manaja daga waje, Fleetwood da kansa ya riƙe ragamar harkokinsu. Amma kafin shekarar ta ƙare Welch ya gaji, ya yi sallama da su, ana saura ƙiris arziki ya buɗe.

Abin da ya same shi daga baya ya cancanci a faɗa. A 1994 ya kai tsofaffin abokansa ƙara a kan kuɗin faya-fayai, aka sasanta bayan shekara biyu. A 1998, sa'ad da aka shigar da ƙungiyar cikin zauren girmama makaɗan rok na Amurka, an kira sunayen mutum takwas, har da Green da Spencer da Kirwan, amma ba a kira nasa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya rasu a 2012.

BAƘI BIYU

A ƙarshen 1974 Fleetwood ya je duba wani ɗakin ɗaukar kiɗa mai suna Sound City a Los Anjalis. Domin a nuna masa kyawun na'urorin wurin, sai injiniya Keith Olsen ya sa masa wani faifai na waɗansu matasa biyu, faifan da bai yi kasuwa ba. Fleetwood ya ji bugun jitar da ke ciki, ya riƙe a ransa. Da Welch ya tafi, sai ya aika a nemo masa makaɗin, wani mai suna Lindsey Buckingham. Shi kuwa ya gindaya sharaɗi guda: ba zai zo ba sai tare da abokiyar waƙarsa kuma masoyiyarsa, Stevie Nicks, wadda a lokacin take aikin kai abinci a gidajen cin abinci domin su sami na haya. Fleetwood mai jita kaɗai yake nema, amma ya karɓi biyun.

Wannan shi ne canjin da ya fi kowane girma a tarihin ƙungiyar, watakila ma a tarihin kiɗan rok baki ɗaya. Yanzu suna da masu tsara waƙa uku, kowa da muryarsa da halinsa, mata biyu da namiji ɗaya. Buckingham da yatsu yake kaɗa jita, ba da ɗan tsinken roba ba kamar yawancin makaɗa, ga shi kuma gwanin tsara yadda za a jera sauti a faifai. Nicks na da murya mai ɗan kaushi wadda ba a ɗaukar ta da ta wani. Christine ita ce mai daidaita su. A bayansu kuwa tsofaffin nan biyu suna nan, da ganguna da babbar jita, kamar yadda suke tun zamanin Green.

Faifansu na farko tare ya fito a 1975, ya yi ta hawa a hankali har ya zama na ɗaya a Amurka bayan fiye da shekara guda. Na biyun, mai suna Rumours, watau jita-jita, shi ne ya gagara. An ɗauke shi a 1976 a cikin wani hali da ya isa ya wargaza kowace ƙungiya. Auren John da Christine ya mutu, ba sa magana sai ta aiki. Buckingham da Nicks sun rabu baram-baram. Shi kansa Fleetwood aurensa na tangal-tangal. Maimakon su watse, sai kowa ya zuba ɓacin ransa a cikin waƙa, ya kuma sa wanda ya yi waƙar dominsa ya tsaya ya yi masa amshi ko ya kaɗa masa. Buckingham ya yi wa Nicks habaici a Go Your Own Way, ita kuma tata waƙar, Dreams, ita ce kaɗai waƙar ƙungiyar da ta taɓa zama ta ɗaya a Amurka. Faifan ya fito a watan Fabrairu na 1977, ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara, an kuma sayar da fiye da miliyan 40 a duniya.

Nan fa masu sauraro suka rabu gida biyu, har yau kuma ba su haɗu ba. Akwai tsofaffin masoya, musamman a Ingila, waɗanda ke cewa Fleetwood Mac ta gaskiya ta ƙare ran da Green ya fita, abin da ya biyo baya kuwa wata ƙungiyar Amurka ce da ta ari suna. Akwai kuma miliyoyin da ba su taɓa jin sunan Green ba. Idan aka sa faifan 1968 da na 1977 a jere, da ƙyar baƙo zai yarda cewa ƙungiya ɗaya ce. Amma wanda ya kasa kunne ga ƙasan kiɗan, ya bar muryoyi da jita, zai ji hannun mutum biyun nan bai sake ba.

YADDA WAƊANSU SUKA YI

Ba kowace ƙungiya ce ke da wannan sa'a ba, ba kowace ce kuma ke son ta ba. Led Zeppelin, wadda a shekarun 1970 ba ta da na biyu wajen tara jama'a, ta rasa mai gangunanta John Bonham a watan Satumba na 1980. A watan Disamba sauran ukun suka ba da sanarwa cewa ba za su iya ci gaba ba tare da shi ba, suka rufe ƙungiyar tana kan ganiyarta. Da suka taru domin wasa guda a Landan a 2007, ɗansa Jason suka ɗora a kan gangunan.

Pink Floyd kuwa sau biyu ta rasa jagora. Na farko shi ne Syd Barrett, wanda ya raɗa mata suna ya kuma tsara yawancin waƙoƙinta na farko. Labarinsa ya yi kama da na Green ƙwarai: ƙwaya, ruɗewar hankali, sa'an nan rabuwa a 1968. Abokinsa na ƙuruciya David Gilmour ne ya gaje shi, jagoranci kuma ya koma hannun Roger Waters a hankali. A ƙarƙashinsa suka yi The Dark Side of the Moon a 1973 da The Wall a 1979. Ana cikin aikin wannan na biyun Waters ya tilasta wa mai piyano Richard Wright barin ƙungiyar, aka sake ɗaukarsa a matsayin ɗan ƙwadago mai albashi. Abin dariya, wasannin da aka yi na faifan sun ci kuɗi har aka yi hasara, sai ya zama korarren ne kaɗai ya fita da riba.

A 1985 Waters ya fita, yana ganin ba shi, ba ƙungiya. Da Gilmour da mai ganguna Nick Mason suka ce za su ci gaba da sunan, sai ya garzaya babbar kotun Ingila a 1986. An sasanta a ƙarshen 1987, sunan ya zauna a hannun waɗanda suka tsaya, shi kuma aka bar masa haƙƙin The Wall. Jama'a suka bi sunan, suka cika filayen wasa, yayin da mutumin da ya rubuta yawancin baitocin da suke rerawa yake wasa a wuraren da ba su kai waɗannan girma ba. A 2013 ya amsa a wata hira da BBC cewa kai ƙarar kuskure ne.

Ko a nan Nijeriya an taɓa ganin wani yanki na irin wannan labari. A 1973 Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles, ya shirya zuwa Ikko da sabuwar ƙungiyarsa Wings domin ɗaukar faifai a ɗakin kamfanin EMI. Ana gab da tashi mai jita da mai ganguna suka janye. Su uku suka sauka, shi da matarsa Linda da Denny Laine, McCartney ya kaɗa gangunan da kansa. Faifan da suka yi, Band on the Run, shi ne masana suka fi yabawa cikin duk ayyukan ƙungiyar.

ZO MU ZAUNA

Ita dai Fleetwood Mac, daga 1977 ta shiga wata sabuwar matsala: jama'a sun riga sun yanke cewa mutum biyar ɗin nan su ne ƙungiyar. Sunan da a da ke karɓar kowa, yanzu ya manne wa fuskoki.

Buckingham ya ja su zuwa wani salo na dabam a faifan Tusk na 1979, wanda ya ci fiye da dala miliyan 1 wajen ɗauka, bai kuma yi kusa da kasuwar na baya ba. Kowa ya soma neman na kansa. Nicks ta fitar da faifanta a 1981 ya zama na ɗaya a Amurka, a shekarar ce kuma Fleetwood ya tafi birnin Akra ya ɗauki nasa tare da makaɗan Gana. A 1987, bayan sun gama Tango in the Night, Buckingham ya ƙi zuwa rangadi, ya fita. Sai da aka ɗauki mutum biyu, Billy Burnette da Rick Vito, kafin a cike gurbinsa. Nicks ma ta bi bayansa a farkon shekarun 1990.

A wannan karon tsohuwar dabarar ba ta yi aiki ba. Fleetwood da McVie suka sake ɗauko sababbin mawaƙa, suka fitar da faifai mai suna Time a 1995, kasuwa ta juya masa baya. Abin da jama'a ke so sun riga sun nuna shi a watan Janairu na 1993, sa'ad da biyar ɗin suka taru dare ɗaya domin bikin rantsar da Shugaba Bill Clinton, wanda ya yi yaƙin neman zaɓe da waƙar Christine mai suna Don't Stop. Da suka sake haɗuwa sosai a 1997, faifan wasansu ya koma na ɗaya a Amurka nan da nan.

Zaman bai ɗore ba. Christine ta yi ritaya a 1998, ta koma ƙauye a Ingila, sai 2014 ta dawo. A 2018 aka sallami Buckingham bayan saɓani a kan shirin rangadi, aka sake ɗaukar mutum biyu a madadinsa, Mike Campbell da Neil Finn. Ya kai ƙara, aka sasanta kafin shekarar ta ƙare. Filayen wasa sun cika duk da haka, domin yanzu tsofaffin waƙoƙin ake zuwa ji, amma ƙungiyar ba ta ƙara yin sabon faifai ba.

A watan Fabrairu na 2020 Fleetwood ya shirya wani babban wasa a Landan domin girmama Peter Green. David Gilmour, wanda shi ma gurbin wani ya shiga, ya zo ya kaɗa Albatross. Jeremy Spencer, mutumin da ya fita sayen mujalla, ya hau dandali tare da Fleetwood bayan shekara 49. Green da kansa bai halarta ba. Ya rasu a watan Yuli na shekarar, yana da shekara 73.

Christine McVie ta rasu ran 30 ga watan Nuwamba, 2022, tana da shekara 79. Sunanta na aure yana cikin sunan ƙungiyar, ko da yake ba dominta aka raɗa shi ba, kuma a da an yi shekara 16 ana wasa ba ta nan. Amma a farkon 2023, da 'yan jarida suka tambayi Mick Fleetwood, mutum ɗaya tak da ya zauna a ƙungiyar tun ranar farko, wanda kuma duk lokacin da wani ya fita shi ke fita neman wani, sai ya ce bayan rasuwarta ba ya ganin za a ci gaba. Stevie Nicks ma ta faɗi haka.